RUWA BAI KAI ƘARSHEN KANAL BA

Jawabi a kan yaran da a ke bari a baya a makarantun Kura da Bunkure

Wannan shi ne jawabin da akawun jam'iyyarmu na yankin Kura da Bunkure ya yi a gaban taron iyayen yara da malaman firamare. Mun buga shi duka kamar yadda ya faɗe shi, domin magana ce wadda ta shafi kowane gida.



An ba ni dama in yi magana yau a kan waɗansu yara waɗanda kowa ya san su, amma ba a cika kawo zancensu a taro ba. Su ne yaran nan da ke zama can bayan aji, waɗanda suka shekara huɗu ko biyar suna zuwa makaranta, amma in ka rubuta musu sunan garinsu a allo ba su iya karanta shi. Malam ya ce da su daƙiƙai, 'yan ajinsu su yi musu dariya, uba kuwa in ya gaji sai ya ce, "Wannan kansa ba ya ja, a bar shi ya bi ni gona." Da maganar nan guda a ke rufe wa yaro ƙofa har iyakar ransa. Abin da na ke so in nuna muku shi ne, mafi yawan yaran nan kansu lafiya lau. An san abin da ya tsai da su, an kuma san maganinsa, maganin kuwa bai fi ƙarfinmu ba.

DARASI DAGA KANAL

Bari mu fara da abin da muka fi sani. A zamanin Gwamna Audu Bako aka datse Kogin Kano a Tiga, aka gama madatsar a 1974. Daga can aka jawo ruwa ta babban kanal zuwa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, bisa shirin da aka tsara kashinsa na farko don ya shayar da hekta wajen 22,000. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Albarkacin ruwan nan ne mu ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, rani da damina, har manyan motoci ke cika a Kwanar Gafan su nufi Ikko.

Kowane manomi a nan ya san bambancin gonar da ke bakin kanal da wadda ke can ƙarshensa. Ta gaba ta sha ta ƙoshi. Ta ƙarshe kuwa sai ta jira, in ciyawa ta toshe hanya, ko ƙasa ta cike ta, ko wani ya fasa gefe ya karkatar, sai ruwan ya iso mata kaɗan ko ya ƙi isowa sam. To, ran da tumatir ɗin ƙarshen kanal ya yi yaushi, akwai mai hankalin da zai tsaya ya zagi gonar, ya ce ƙasar ce ba ta da kirki? Babu. Sai dai ya ɗauki shebur ya bi magudanar baya-baya har ya ga inda ruwa ya tsaya, ya yashe wurin.

Aji ma haka ya ke. Malam na tsaye a gaba, karatu na fitowa daga bakinsa, yara goma ko goma sha biyar na gaba suna sha. Kafin ya kai ga na baya ya ƙafe. Abin mamaki, mu da ba mu zagin gona, mu ne mu ke zagin yaro.

GIRMAN AL'AMARIN

Kada wani ya zaci yaro ɗaya ko biyu ne a kowane aji. A 2022 Bankin Duniya, tare da waɗansu hukumomi na Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fid da lissafi cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, yara wajen 9 daga cikin kowane 10 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ke nufi. Ku duba, jama'a. In yaro ɗaya ya kasa cikin goma, ana iya cewa yaron ne. In tara suka kasa, ai sai a bar yara a tuhumi tsarin.

Alkawari kam an sha yi mana. A 1976 aka fara ilmin firamare kyauta a Nijeriya duka. A 2004 aka yi doka cewa kowane yaro ya sami shekara tara na ilmi kyauta kuma dole. A 2019 Gwamnatin Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole a jiha. A watan Yuni na 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar nan. Kowace gwamnati ta zo sai ta ƙidaya mana yawan yaran da aka rubuta a rajista, da yawan azuzuwan da aka shafe da fenti. Tambayar da mu ke so a amsa ita ce, cikin yaran da aka rubuta, nawa ne suka iya karatu? Sunan yaro a rajista ba ya karanta masa wasiƙa.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Manhaja tana tafiya da shekara, ba ta jiran kowa. Yaron da bai kama baƙaƙe a aji ɗaya ba, a kan wuce da shi aji biyu tare da sa'o'insa. A aji uku a buɗe masa littafi mai dogayen jimloli. A aji huɗu a ce ya yi rabawa, shi kuwa ko ɗebewa bai iya ba. Kowace shekara ratar tana daɗa faɗi, shi kuma yana daɗa yin shiru, har ya zama abin da ya iya kaɗai shi ne kwafar abin da ke allo kamar mai zanen hula, bai san abin da ya rubuta ba. Malam ya duba littafinsa ya gan shi cike, ya zaci ana tare.

ABIN DA KE TOSHE RUWA

Yanzu mu bi magudanar mu ga wuraren da ruwa ke tsayawa a ƙasarmu.

Na ɗaya, fashin makaranta. A wuraren da ba a noman rani, yaro na samun sarari in an gama girbi. Mu a nan aiki ba ya yankewa. Da damina ga dashen shinkafa, in ta fid da kai ga korar tsuntsu tun asuba, ga yanka da bugu, ga shukar alkama da sanyi, ga tsinkar tumatir har zafi ya shigo. 'Yan mata kuwa ga talla, ga taya iyaye mata turara shinkafa da shanya ta. Ruwan da ya kawo mana arziki shi ne ya ke cinye kwanakin makarantar 'ya'yanmu. Yaron da ya yi fashin mako uku daidai lokacin da a ke koya haɗa baƙi da wasali, in ya komo ya tarar an wuce, wa zai koma da shi baya?

Na biyu, ciwo. Inda ruwa ke kwanciya sauro ba ya ƙarewa, zazzaɓi kuwa in ya yi ta kama yaro yana rage masa jini. Ga kuma tsargiya. Ƙwayarta na rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin kanal da kududdufi, ta shiga ta fatar yaro sa'ad da ya ke wanka ko kamun kifi, sai a ga yana fitsarin jini. Har yanzu akwai masu cewa wai alamar balaga ce. Ba alamar kome ba ce sai ta ciwo, mai sa ƙarancin jini da kasala, maganinta kuwa ƙwaya ce da a ke kira praziquantel, wadda a kan raba wa 'yan makaranta bisa gwajin tsawonsu. A gundumar Busia ta ƙasar Kenya, tun daga 1998, an gwada ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki da na tsargiya, aka ga fashin makaranta ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ku haɗa da yunwa. Yaron da ya fito bai karya ba, kafin hantsi hankalinsa ya koma gida.

Na uku, ido da kunne. Akwai yaron da ba ya ganin allo daga baya, shi kuwa bai san sauran yara suna gani fiye da shi ba, balle ya faɗa. Akwai wanda kunnensa ya yi ta zub da mugunya tun yana ƙarami har jinsa ya ragu. Irin waɗannan an sha dukansu a kan taurin kai, alhali abin da su ke bukata a matso da su gaba, a kai su a duba su a asibiti.

Na huɗu, harshe. Yaro ya taso da Hausa, ko da Fulatanci in daga ruga ya fito, ran da ya shiga aji a tare shi da Turanci. Aiki biyu ke nan aka ɗora masa a lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwaji, suka koyar da waɗansu yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci kuwa a matsayin darasi. Yaran nan ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi wa sa'o'insu fintinkau. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a yi haka shekara shida cur. A watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce da Turanci za a koyar. Yau a ce gabas gobe a ce yamma, yaron bayan aji ne ke biyan kuɗin wannan kai-da-kawo. Duk abin da aka zartar a Abuja, ba wanda zai hana malami ya koya wa yaro karatun Hausa ya kuma yi masa bayani da ita. Rubutun Hausa kuwa yana da sauƙi, yadda a ke faɗar kalma kusan haka a ke rubuta ta, wanda ya iya shi kuma ya sami tsani zuwa Turanci.

Na biyar, cunkoso. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku da kanku kun san azuzuwan da yara ke kai ɗari suna zaune a ƙasa. Mu yi lissafi. In darasi minti 40 ne, yara 100, ko da malam bai yi kome ba sai bin su ɗaya ɗaya, kowane yaro daƙiƙa 24 zai samu. Saboda haka ban zo nan don in ɗora wa malamai laifi ba. Mutumin da aka ba fangali ɗari da bokiti ɗaya, ba a tambayarsa don me waɗansu suka bushe.

Na shida, akwai yara kaɗan waɗanda lalle haka Allah ya yi su, suna ɗaukar abu a hankali ko da an kawar da duk abin da na lissafa. Cikinsu akwai masu wata matsala da likitoci ke kira disleksiya, watau yaro mai wayo sarai a magana da aikin hannu, amma haɗa baƙi da sautinsa na yi masa wuya ƙwarai. A rubutunmu irin wannan yaro ya kan sha wahala da b da d da ɓ da ɗ, gama sun yi kama. Ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba. Yana bukatar a koya masa baƙi ɗaya ɗaya, a maimaita sau da yawa, a ba shi lokaci. Mutanen Kura sun fi kowa sanin cewa zane ba ya yin baƙi da tsoma ɗaya a marina. Ana tsomawa, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har ya zama ɗan Kura wanda Buzaye ke nema tun daga Agadas.

A kan waɗannan duka sai a ƙara bulala da baƙar magana. Yaron da ya san in ya yi kuskure zai sha duka, dabararsa ita ce kada ya buɗe baki. Wanda ba ya buɗe baki kuwa ba a sanin inda ya tsaya.

MAGANIN YANA GIDANMU

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ku dubi makarantar allo. Yara hamsin na zaune gaban malam ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda ya ke. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, wani ya yi nisa. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya abin da ke kai. Ba a cewa tun da shekararka ta kai, tashi ka bi sa'o'inka. Manyan almajirai kuma suna biya wa ƙanana. Kakanninmu sun gane tun tuni cewa karatu daga inda yaro ya tsaya a ke ɗora shi. Makarantar boko ce ta zo ta ɗaure yara da shekarunsu kamar damin dawa.

Mutanen Indiya ma abin da suka gano ke nan. Akwai wata ƙungiya a can mai suna Pratham. A biranen Mumbai da Vadodara ta ɗauki 'yan mata na unguwa waɗanda suka gama sakandare, ta ba su horo na ɗan lokaci, kowace ta riƙa ware yara goma sha biyar zuwa ashirin waɗanda aka bari a baya, tana koya musu tushen karatu da lissafi awa biyu kullum. Masana suka auna abin, suka buga sakamakonsa a 2007, aka ga yaran sun ci gaba, waɗanda suka fi rauni kuwa su suka fi ƙaruwa. Biyu daga cikin masanan nan, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin ukun da aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Daga wannan aiki ne aka sami tsarin da a ke kira koyarwa daidai da matsayin yaro.

Tsarin ya iso Jihar Kano. A 2019 Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, tare da British Council da waɗansu, suka fara gwada shi da sunan KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ga yaran aji huɗu zuwa shida. Daga nan zuwa Wudil ba tafiyar kwana ba ce. Abin da aka iya yi wa yaron Wudil, me zai hana a yi wa na Kura da Bunkure?

Ga yadda a ke yi, ku saurara da kyau, gama ba wuya gare shi. Malam ya kira yara ɗaya ɗaya, ba bulala a hannunsa, ya miƙa wa kowa takarda guda. A kanta akwai baƙaƙe, da kalmomi, da 'yan jimloli, da ɗan labari. Cikin 'yan mintoci zai san matsayin yaro: ko bai san baƙi ba tukuna, ko ya san baƙi, ko yana karanta kalma, ko jimla, ko labari. Haka kuma a lissafi. Sa'an nan a keɓe awa ɗaya ko fiye kowace rana, a manta da aji, a tara yara bisa matsayinsu. Masu baƙi wuri ɗaya, ko da wani ɗan aji shida ne wani ɗan aji huɗu. A yi ta aiki da baki da hannu, ana rubutu a ƙasa, ana ƙirga da tsinke da ɗauri goma goma. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya haye ya koma rukuni na gaba. In awar ta ƙare kowa ya koma ajinsa.

Wani zai ce, ai wannan tona asirin yaro ne, a zaunar da babba cikin ƙanana. Amsa ita ce, asirinsa a tone ya ke tun da daɗewa, kowa a ajin ya san bai iya ba. Rukunin nan kuma ba gidan zama ba ne, mashiga ce. Abin da za a kiyaye kaɗai shi ne kada a laƙaba wa rukuni sunan wulakanci, kada kuma a bar yaro a ciki ba a sake gwada shi ba.

"A BAR SHI YA YI NOMA"

Na komo ga maganar uban da ya ce a bar yaro ya bi shi gona. Noma sana'a ce mai daraja, da ita mu ke ci. Amma ina tambaya, noman yau na wanda bai iya karatu ba ne? Buhun taki an rubuta masa 15-15-15, wani an rubuta 46, in ba ka san bambancinsu ba ka zuba kuɗinka a inda bai kamata ba. Kwalbar maganin feshi tana ɗauke da awon da za a zuba, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir, da ranar da maganin ya daina aiki. Kun tuna 2016, sa'ad da tsutsar nan ta cinye tumatir a ƙasar nan, yadda mutane suka yi ta sayen kowace irin kwalba aka miƙo musu. Takardar bashi fa? Saƙon banki a waya, wanda dillali zai nuna maka ya ce ya turo kuɗi? Wanda bai iya karanta waɗannan ba, shi zai yi wahalar, wani ya ci ribar. Yarinya kuma ita ce gobe za ta auna wa jariri magani da tsakar dare. Ɗan mai hali in ya yi jinkiri a karatu, a kan ɗaukar masa malami a gida har ya kamo. Ɗan talaka kaɗai a ke yanke wa hukunci yana shekara tara.

ABIN DA ZA MU YI DA KANMU

Ga malamai, ina roƙonku abu kaɗan. Ku gwada kowane yaro a farkon zango ku rubuta matsayinsa. Ku riƙa juya wurin zama, na baya ya zo gaba. In za ku yi tambaya, ku dakata kaɗan kafin ku karɓi amsa, gama mai jinkiri sau da yawa ya san amsar, lokaci ne bai ishe shi ba. Ku koya b yau, ku bar d sai ta zauna. Yaron da ya fara da allo hannunsa ya saba tafiya daga dama, ku nuna masa cewa boko daga hagu ya ke farawa, kada ku ɗauka kuskuren wauta ne. Ku haɗa wanda ya iya da wanda bai iya ba, biyu biyu. Kalmar daƙiƙi kuwa a bar ta a bakin ƙofa.

Ga iyaye, ko ba ka yi boko ba kana da aiki. Da magariba ka ce yaro ya karanta maka abin da ke jikin buhun taki ko kwalin ashana. In ya yi ta kame-kame ka san akwai magana, gobe ka je ka ga hedimasta cikin mutunci. In aikin gona ya matsa, a ba yaro na yamma da na ranar hutu, a bar masa safiyarsa. In kun ga fitsarin jini, ko kunne na ruwa, ko yaro na ƙanƙance ido in yana duban nesa, a kai shi asibiti. Kada a fita da shi da safe ciki wayam, ko ɗumame ne a ba shi.

Ga jama'ar gari, kowace makaranta an ce ta kafa kwamiti na iyaye da malamai da masu unguwa. A raya shi. Muna da samari da 'yan mata da suka gama sakandare, har da masu takardar malanta, suna zaune ba aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira an gina mata aji ba, ta horar da jajis ta aika su ƙauyuka suna koyar da mata. Ƙungiyoyin manoma da ke tara kuɗi don yashe kanal suna iya ware ɗan abu a lokacin girbi, ko kwano ɗaya na shinkafa daga kowane manomi, a sallami mai koyar da yaran nan awa ɗaya da yamma.

ABIN DA MU KE NEMA GA HUKUMA

Taimakon kai da kai ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin farko, jiha kuma ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Kuɗin nan na talakawa ne, muna da ikon tambayar inda suka shiga. Ga bukatunmu:

Na ɗaya, a gwada karatun kowane yaro na aji uku zuwa shida a Kura da Bunkure da Garun Malam, a kafa sakamakon kowace makaranta a inda iyaye za su gani, ba tare da sunayen yara ba.

Na biyu, a sa awar koyarwa daidai da matsayin yaro cikin jadawalin kowace firamare, a horar da malamai a kanta, masu duba makarantu kuma su riƙa tambayar yara nawa suka haye, su rage tambayar shafi nawa aka gama.

Na uku, a ɗauki malamai, a fara turo su ƙauyuka inda cunkoso ya fi yawa, a kuma biya su a kan kari.

Na huɗu, ma'aikatan lafiya su zaga makarantun da ke bakin kanal kowace shekara da maganin tsargiya da na tsutsa, su duba ido da kunne.

Na biyar, a ba kowane yaro littafin karatu na Hausa wanda zai riƙe a hannunsa ya tafi da shi gida.

Na shida, a tuna da yara masu bukata ta musamman. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa wadda ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba su haƙƙin ilmi. Makarantar Tudun Maliki da ke Kano ba za ta ɗauki kurame da makafin jiha duka ba. A sami ko malami ɗaya mai horon wannan fanni a kowace gunduma, wanda zai riƙa zagawa.

Ba mu nemi abin da ya gagara ba. Takarda guda, awa guda, da malami wanda aka horar aka kuma biya. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, na kowace jam'iyya, har da tamu, ku ajiye masa bukatun nan shida a gabansa, ku ce ya faɗi wadda zai fara da ita da watan da zai fara. In ya ci ya dawo, ku kira yaro ɗan aji huɗu daga bayan aji, ku miƙa masa takarda a gabansa. Abin da yaron ya karanta shi ne sakamakon aikinsa.

Kafin nan, kowa ya koma gida yau ya gwada nasa. Gobe da safe kuma kwamitin kowace makaranta ya nemi hedimasta a sa ranar fara gwaji.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya ba malamanmu haƙuri da lada.